Wata Ukun da Ba a Kira Firdausi Ba

Akwai wani magidanci a Korgom mai suna Dikko, manomi da damina, ɗan kabu-kabu da rani. Bai yi nisa a boko ba, amma in kana son ka ga bakinsa har kunne, tambaye shi labarin ƙanwarsa Nana Firdausi. Ita ce ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta yi karatun likita a Yamai, ta dawo ta yi aikin shekara uku a asibitin Tasawa. Mahaifinsu ya rasu tun suna ƙanana, mahaifiyarsu Inna Shatu ce ta raine su da sana'ar ƙuli-ƙuli.

Kun dai san halinmu. In gida ɗaya ya samu likita, gari duka ya samu. Mai ciwon kai ya kira ta, mai ciwon haƙori ya kira ta, har wanda akuyarsa ke zawo ba ya jin kunyar latsa lambarta.

Firdausi kuwa tana son ƙarin karatu, ta ƙware a kan haihuwa da ciwon mata. Konkur ɗin shiga, wato jarrabawar gasar neman gurbi, da wuya, gurabe kaɗan, masu nema tuli. Ta zauna sau ɗaya ta faɗi da ɗan maki kaɗan, ta kuma ɗora laifin a kan wayar da ba ta barinta ta buɗe littafi.

Da ta tashi zama na biyu, ta ɗauki hutu za ta koma Yamai. Ranar tafiya ta tsayar da Dikko a tsakar gida.

"Yaya, wata uku nike roƙo. Kada wanda ya kira ni kan ciwon kai ko ciwon ciki. Ni zan riƙa kira ran Juma'a. Karon farko ku kunka kada ni, kada ku sake."

Maganar ta yi wa Dikko zafi, amma ya haɗiye. Inna tana bakin murhu tana jin komai.

Sati biyu da tafiyarta, ana cikin girbin hatsi, Inna ta taka kututturen kara a gona. Ɗan rauni ne a tafin ƙafa, ta barbaɗa garin bagaruwa ta ɗaure da tsumma. Sati ya wuce, wata ya wuce, rauni ya ƙi rufewa. Ga ƙishirwa, ta sha ruwa kamar ba ta sha ba, ga rama.

Dikko ya matsa ya kai ta disfanser, ƙaramin asibitin gari. Ma'aikacin ya wanke ƙafar, ya ɗiga jinin yatsa a na'ura, sai ya ja Dikko gefe. Ya ce ciwon sukari ne, ya yi yawa, a wuce da ita asibitin Tasawa a ranar.

Inna ta ce atafau.

"Can duk abokan aikin Firdausi ne. Kahin a ɗaure man ƙahwa labari ya kai Yamai. In ta ji za ta aje littahi ta taho, ta sake hwaɗuwa ta dalilina."

"Inna, ƙahwar ga hwa ta fara wari."

"Sauran sati shida. In ta gama sai ku kai ni inda kunka ga dama. Amma ka ji da kyau, in ka hwaɗa mata, ban yahe maka nonon da ka sha ba."

Wanda uwarsa ta taɓa yi masa irin wannan furuci ya san nauyinsa. Dikko ya rasa tudun dafawa. Ga uwa tana narkewa a gabansa, ga likita a cikin aljihunsa, latsa lamba kawai. Sau biyu yana tsayar da babur a hanya ya nemo sunanta, sau biyu yana mayar da wayar.

Duk Juma'a bayan masallaci Firdausi takan kira. Inna ta gyara zama, ta gyara murya.

"Lahiya lau, Likita. Yi karatunki, muna ta addu'a."

Wata Juma'a Firdausi ta ce, "Inna, muryarki ta yi ƙasa."

"Mura ce, da sauƙi."

Dikko yana tsugune a gefe. Roƙonsa ɗaya, Firdausi ta ce a ba shi wayar ta tambaye shi, don ya san ba zai iya yi mata ƙarya ba. Sai ya ji ta ce abokan bita suna jiranta, a gaida mutan gida. Ita da ta fi kowa sanin cewa Bahaushe ko yana gargara "da sauƙi" zai ce, ta karɓi amsar ta kashe waya.

Konkur ranar Alhamis ne. Asabar ɗin da ta gabace shi Inna ta daina gane mutane. Dikko ya nemo mota ya kai ta Tasawa, ya roƙi likitan da ya karɓe su, abokin aikin Firdausi, ya rufa masa asiri. An yi iya ƙoƙari, amma dafin ƙafar ya riga ya shiga jini. Ranar Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an dawo daga makabarta dattawan gida suka ce, wanda ya tafi ya tafi, a bar yarinya ta gama rubutunta. Dikko ya sake yin shiru na kwana uku, kuma ya ce a rayuwarsa bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba.

Alhamis da la'asar Firdausi ta kira, muryarta cike da murna.

"Yaya, na rubuta da kyau! Ba ni Inna."

"Ta ɗan kwanta, jikin ba daɗi. Ki taho gida."

Washegari ya ɗauko ta daga tashar Tasawa a bayan babur. Tana ta tambaya, yana cewa iska ta hana shi ji. Da suka karya kwanar gidansu ta hangi tabarmi a ƙofa da dattawa zaune, sai ya ji hannunta ya saki rigarsa.

Sai da aka kwana biyu ta iya zama da shi. Ta tambaye shi dalla-dalla, yaushe ya fara, me aka sa, me ma'aikacin ya ce. Ya faɗa mata komai yana kuka.

"Yaya, ciwon ga kullum ina ganinshi a asibiti. Rai na Allah ne, amma da an kawo ta satin farko, da mun yi abin da ake yi."

"Ki yahe man. Tsoron bakinta ya hana ni."

"Ba kai ba ne. Inna maganata ta ji, ta kuma yi man abin da na roƙa. Juma'a goma sha biyu ina kira, ban taɓa cewa a ba ni kai ba."

Sakamako ya fito ana gobe sadakar arba'in. Dikko yana zaune yana gyaran babur Firdausi ta miƙo masa wayar, ya ce ta karanta masa, Faransancinsa bai kai nan ba.

"Na ci, Yaya. Ni ce ta uku."

 Firdausi ta juya ta dubi ɗakin Inna, ƙofarsa a rufe. Ta zauna a ƙasa kusa da shi ta ce, "To yanzu wa zan hwaɗa wa?"

Darasi: Kai mai neman shiga karatun likita ko na ƙwarewa, haɗa takardunka da wuri, ka tsare lokacin karatunka, wannan haƙƙinka ne. Amma kada ka rufe ƙofar gida ruf. Ka faɗa musu da bakinka cewa in ciwo ya wuce kwana uku a kira ka ko kana bakin ɗakin jarrabawa, kuma kada ka tsaya a kan "lafiya lau", nemi wani ka sake tambaya. Ku kuma iyaye, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ɓoye ciwo ba gata ba ne. Jarrabawa tana dawowa baɗi, uwa ba ta dawowa. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka sani da iyayensa. Allah ya jiƙan iyayenmu.