Ɗakin Cindo a Gidan Barmo

Tun zamanin da Kwarin Tsamiya bai san fartanya ba, wani maharbi mai suna Barmo ya iso gindin dutsen wurin tare da ƙanensa Cindo. Barmo gagara daji, mai shimfiɗa inda zaki ya tashi! Shi ya harbe ɓaunar da ta hana mutane ratsa kwarin, kuma an ce inda ƙahonta ya caki ƙasa, nan idon ruwa ya ɓalle.

Daga nan ya rataye baka ya kama noma. Shi da Cindo suka kwaɓa ƙasa, suka gina gida mai kaurin bango da ƙaton rumbu. Jama'a suka yi ta zuwa suna kafa bukkoki kewaye da su, har wuri ya zama gari.

Wata shekara fara ta sauka, ta cinye gonaki ƙurmus. Ba abin da ya rage sai irin shukar da ke rumbun Barmo. Da yunwa ta tsananta, Cindo ya zo ya durƙusa gabansa.

"Yaya, yarana ko ƙarfin kuka ba su da shi. Ka ɗebar mini ko ƙwarya guda."

Barmo ya kawar da kai. "In na buɗe maka, sai na buɗe wa kowa. Me za mu shuka in ruwa ya sauka? Ka daure."

Cindo ya miƙe. Ya tattara iyalinsa ya yi gabas.

Damina ta yi kyau, irin ya ishi kowa har ya yi saura. Sauran nan shi ya hana Barmo sakat. Ya aika maharba ko'ina, babu wanda ya dawo da labarin Cindo. Sai ya gina masa ɗaki a cikin gidan, yana share shi da hannunsa har tsufa ya rusuna da shi. In makaɗa suka fara yabonsa da ceton gari, tashi yake ya bar wurin.

Yau hukuma ta mai da gidan wurin adana kayan tarihi. Baƙi na ganin bakan Barmo da kwarinsa da rumbun nan, sannan a kai su wani ɗaki wanda babu komai a cikinsa. Duk kaka, manoman garin kan ajiye damin farko a ƙofarsa, wanda duk ke jin yunwa ya ɗauka, ba a tambayarsa ko shi wane ne.