Wasiƙar da Marigayi Zakka Bai Rubuta Ba

Akwai wani mutum mai koya wa jama'a yadda ake kafa sabar wasiƙu, wato kwamfutar nan da ke karɓar imel ta kuma aika da shi a madadin mutanen gida ɗaya. Ɗalibansa duk sabbin shiga ne, waɗansu ma da yatsa ɗaya suke buga rubutu. A cikinsu akwai Gayus, magatakardan wani ƙaramin asibiti da ke bayan dutse.

A rana ta fari suka ba sabar suna. A ta biyu suka koyi buɗe wa kowane ma'aikaci akwatin wasiƙunsa. A ta uku Gayus ya aika wa kansa wasiƙa, ta iso. Sai ya yi murna ƙwarai, ya tattara kayansa, gama motar garinsu ranar kasuwa kaɗai take tashi.

Malamin ya ce, “Ɗan'uwa, saura darasi ɗaya. Gobe za mu koyi rufe ƙofa, domin kada wanda ba ɗan gida ba ya shiga ya yi magana da sunanku.”

Gayus ya ce, “Malam, mu da muke bayan dutse, wa ya san da mu?” Ya tafi abinsa.

Ya kafa sabar a wani ƙaramin ɗaki kusa da ma'ajin magani. Ya buɗe wa kowa akwati, ya ba su kalmar sirri iri ɗaya don kada su manta. Aiki ya yi kyau, kowa yana yabonsa.

Da damina ta yi tsaka, Zakka, dattijon da ke ba da magani a asibitin, ya rasu. Gayus ya kasa rufe akwatinsa, don yana ƙaunarsa. Ya bar shi yadda yake.

Bayan wata biyu, wata rana da tsakar rana, sai ga Damaris matar marigayin a bakin ofis. Ta kwance wayarta daga bakin zane, ta miƙa wa Gayus. Ta ce, “Ɗana, duba mini wannan.”

Wasiƙa ce daga akwatin Zakka. Layi biyu ne kawai: “Dama, ina nan, ban yi nisa ba. Kada ki faɗa wa kowa.” Duk duniya ba mai kiranta Dama sai mijinta.

Gayus ya mayar mata da wayarta. Ya ruga ƙaramin ɗakin nan, ya tura ƙofa. Ba kowa a ciki. Kujera tana inda ya bar ta, ƙura ta kwanta a kanta. Amma a fuskar kwamfutar rubutu yana ta gudu shi kaɗai, layi yana bin layi. Wasiƙu ne suke fita dubu-dubu zuwa ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, da sunan likita, da sunan ungozoma, da sunansa shi kansa, da sunan mamaci. Ya fizge allon buga rubutu ya riƙe a hannu. Rubutun bai tsaya ba.

A ranar ne kuma likita ya ce masa, “Sau uku ina rubutawa birni a aiko mana da maganin dafin maciji, shiru.” Ashe manyan gidajen wasiƙu sun riga sun sa sunan asibitin a cikin maƙaryata, sun daina karɓar kome daga gare shi. Wasiƙar gaskiya ta isa ƙofa, aka kore ta tare da na ƙarya. A makon nan maciji ya sari wani manomi, ba magani. Kafin a kai shi birni a kan babur ƙafar ta lalace, sai da aka yanke ta.

Gayus ya aika a kira malaminsa. Malamin ya zo, bai tsawata masa ba. Ya buɗe littafin da sabar ke rubuta shige da fice, ya yi ta karantawa. Can ya ce, “Kwana arba'in ke nan wani yana ciki. Ta akwatin marigayin ya shigo, ya buɗe sauran da kalmar sirrin nan guda ɗaya. Ya karanta tsofaffin wasiƙunsa duka, har ya iya maganarsa.”

Gayus ya ce, “Wane ne shi?”

Malamin ya ce, “Ban sani ba. Kai ma ba za ka taɓa sani ba.”

Suka cire wayar da ta haɗa sabar da waje, suka share kome, suka sāke ginawa daga tushe. A nan Gayus ya koyi darasi na huɗu. Aka yi watanni ana roƙo kafin gidajen wasiƙu su sāke amincewa da sunan asibitin.

Sa'an nan Gayus ya tafi gidan Damaris, ya durƙusa, ya faɗa mata gaskiya duka. Ta saurare shi har ƙarshe. Daga baya ta ce, “Raina ya ba ni ba shi ba ne, don Zakka bai taɓa ce mini in ɓoye abu ba. Amma kafin in zo wurinka, kwana tara ina ba shi amsa. Na rubuta masa abin da ban taɓa faɗa wa mai rai ba. Ɗana, wa ya karanta?”

Gayus ya sunkuyar da kai.

To, ma'anar wannan misali ita ce, sabar nan zuciyarka ce, wasiƙun kuwa maganganu ne da ayyukan da ke fita da sunanka. Da yawa a cikinmu mun karɓi bangaskiya da murna, muka tsaya a darasi na uku. Mun iya waƙa, mun iya gaisuwar masu bi, amma ba mu zauna mun koyi tsaron zuciya ba, muna cewa mu ƙanana ne, Mugun ba zai kula da mu ba. Shi kuwa ba babban gida yake nema ba, buɗaɗɗe yake nema. Akwatin mamacin nan tsohon halinka ne, wanda ka ce ya mutu ranar baftismarka, amma kana jin tausayin rufe shi. Ta nan zai shiga, kuma ba da baƙuwar murya zai yi magana ba, da taka zai yi. Matarka za ta ji, 'ya'yanka za su ji, su gaskata domin sun amince da kai. Ranar da ka tashi faɗin gaskiya kuwa, za ka tarar ba mai karɓa.

Ubangiji mai gafara ne, yakan sāke gina gida daga tushe. Amma ku tuna, ƙafar manomin nan ba ta dawo ba. Saboda haka, ƙaunatattu, yau ɗin nan kowa ya zauna gaban Allah, ya duba abin da ya fita daga bakinsa a makon nan, ya tambayi kansa da gaske: duk ni na aika?