Teburin da Aka Raba Biyu

Akwai wani kafinta da ake kira Dogo, shi da ƙanensa Auta. Shago ɗaya suka gada daga mahaifinsu, da wani dogon teburin aiki da marigayin ya haɗa da hannunsa tun kafin a haifi Auta.

Dogo gwanin awo da yanka ne, amma bai iya magana da mutane ba. Auta kuma gwanin haɗawa da gogewa ne, ga zaƙin baki. In Dogo ya kori mai saye da ɗaure fuska, Auta ne zai bi shi waje ya dawo da shi yana dariya. Kullum da rana mahaifiyarsu kan kawo musu abinci a kula ɗaya, su ture kayan aiki gefe, su ci a kan teburin nan.

Ana haka gwamnati ta fito da tallafi ga masu ƙananan sana'o'i. Kafintoci za a ba su injin aiki kyauta. Dokar tallafin ba ta da tsawo: sana'a ɗaya, inji ɗaya. Ba a sayar da shi, ba a ba da haya ko aro, kuma jami'ai za su riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba.

Nan fa gardama ta tashi. Dogo yana son injin yanka, Auta yana son injin gogewa.

Sai ga wani mutum da 'yan layin ke kira Lauya. Bai taɓa karanta shari'a ba, amma ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Ya saurare su, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ku kam Allah ya yi ku da sanyin kai," in ji shi. "An ce sana'a ɗaya, inji ɗaya. To wa ya hana ku zama biyu? Ku ja bango a tsakiya, ku fasa wata ƙofar, ku rataya wani allon suna. Shi ke nan, inji biyu."

Auta ya ce, "Ba ƙarya ke nan ba?"

"Wace irin ƙarya? Kai ba mutum ɗaya ba ne, shi ma mutum ɗaya? Bangon ai na ganin ido ne kawai. Ku a zuciyarku kun san ɗaya kuke."

Maganar ta shige su. Su da suke kafintoci, jan bangon katako bai ɗauke su wuni guda ba. Suka fasa ƙofa ta biyu, suka rubuta allo. Lauya ya zo ya duba, ya girgiza kai.

"Saura abu ɗaya. Kowane shago sai an ga teburin aikinsa. Wannan dogon ku raba shi."

Auta ya dafa teburin. "Yaya, na Baba ne fa."

Dogo bai kalle shi ba. "In komai ya lafa za mu haɗa shi. Aikinmu ne haɗa katako."

Ya ɗauki zarto ya yanka shi a tsakiya. Auta ya fita waje har aka gama.

Dabarar ta yi aiki. Aka kawo wa Dogo injin yanka, aka kawo wa Auta injin gogewa. Ranar sun yi murna, kowa a ɓangarensa, suna ta yi wa juna magana ta saman bango.

Ba a daɗe ba jami'ar tallafi ta zo ziyarar farko. Mace ce mai sanyin murya, ba ta da hayaniya. Ta duba injin Dogo, ta tuna masa cewa aikin shagonsa kaɗai zai riƙa yi da shi.

Dogo ya ce, "To in ƙanena ya kawo katako in yanka masa fa?"

Ta ce, "In aro ka ba shi, doka ta hana. In kuma aikin naku tare ne, to ai shago ɗaya ne, inji ɗaya ya kamace ku. Wanne ne a ciki?"

Dogo ya ce, "A'a, tambaya ce kawai."

Bayan ta tafi ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi. Kujera ba ta yiwuwa sai an yanka an goge. In sun taimaki juna, asirinsu ya tonu. In ba su taimaki juna ba, ba aiki. Ya aika a kira Lauya, aka ce ya yi tafiya.

Suka koma miƙa wa juna katako ta saman bango kamar ɓarayi, a cikin shagon ubansu. Duk wanda ya tsaya a ƙofa da riga mai tsafta, sai su ɗauka jami'i ne. Sau ɗaya Auta ya saki falanki a kan ƙafar Dogo saboda ya hango mutum da jaka, ashe mai gyaran lantarki ne.

Suka yi shawara su daina hira a gaban mutane. Suka daina fita tare. Abincin ma suka ce wa mahaifiyarsu ta huta, za su riƙa ci a gida, don kar ta zo ta ga abin da suka yi.

Wata safiya wani mutum ya shigo wurin Dogo, ya ce yana son bencin makaranta da yawa. Yana ta dube-dube, yana ta tambayoyi. Dogo ya tabbata a ransa jami'i ne ya ɓad da kama.

Mutumin ya nuna bango. "Kai da na gefen nan tare kuke?"

"A'a," in ji Dogo da ƙarfi, don a ji da kyau. "Maƙwabci ne kawai. Ba abin da ya haɗa ni da shi. Aikinsa ma ban san irinsa ba."

Bangon siriri ne. Auta ya ji komai.

Ya san sun yi alkawarin faɗin haka. Amma bai san kalmar za ta yi zafi irin wannan ba, kuma ba su taɓa shirya cewa a taɓa aikinsa ba. Da mutumin ya zagayo wurinsa, ashe mai saye ne na gaskiya, Auta ya rage masa farashi ƙasa da na Dogo ya karɓe aikin.

Da yamma Dogo ya leƙo ta saman bango. "Ka karɓe min aiki?"

"Ai maƙwabci ne ni."

"Wasa fa muke yi, Auta."

"Ni ma wasan nake yi."

Ku yarda da ni, daga ranar ba wanda ya ƙara gane inda wasa ya tsaya. In Dogo ya wuce bai gaishe shi ba, Auta ba ya sanin don idon mutane ne ko don fushi. In Auta ya rufe ƙofarsa da wuri, Dogo ba ya sanin tsoron jami'ai ne ko gudunsa yake. Katakon bencin makaranta ya taru a ɓangaren Auta ba mai yankawa, girman kai ya hana shi roƙo. A ɓangaren Dogo kuma yankakken katako ya taru ba gogewa. Injuna biyu sababbi suna zaune, ƙura na hawa kansu.

A gida mahaifiyarsu ta lura kowa na cin abincinsa shi kaɗai. Ta tambaya, suka ce aiki ne ya yi yawa. Washegari da rana ta ɗauki kularta ta nufi shago.

Ta tsaya a bakin titi tana kallon ƙofa biyu da allo biyu. Ta ɗauka ɓatan hanya ta yi, har ta juya ta duba shagon mai walda na kusa don ta tabbatar. Sannan ta leƙa ƙofar farko, ta ga Dogo da rabin tebur. Ta leƙa ta biyu, ta ga Auta da ɗaya rabin.

"Ina teburin babanku?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Faɗa kuka yi?"

"A'a, Mama," in ji Dogo.

"To rabuwa kuka yi?"

"A'a," in ji Auta. "Wato… a takarda ne kawai."

"Takarda ce ta yanka tebur?"

Ta nemi wani guntun katako a waje ta zauna, ta ajiye kular a ƙasa tsakanin ƙofofin biyu. "Ni kula ɗaya na kawo. Ban san ƙofar da zan shiga da ita ba. In kun gane, ku faɗa min."

Tana nan zaune sai ga jami'ar tallafi ta dawo. Ta gaida tsohuwar, ta dubi 'yan'uwan biyu da suka yi cirko-cirko, ta dubi katakon da ya taru nan da can. Ba ta buƙaci dogon bayani ba.

Ta ce, "Doka ba ta hana wa da ƙane su yi shago biyu ba. Abin da ta hana shi ne shago ɗaya ya karɓi rabon biyu, don akwai wani kafintan da aka ce wa injuna sun ƙare. In ku biyu ne da gaske, zan rubuta biyu, kowa ya riƙe injinsa, bango ya zauna. In ɗaya ne, inji ɗaya zai koma, akwai tara, kuma za a daɗe ba a sake sa ku cikin wani tallafi ba. Ku faɗa min gaskiya kawai. Ɗaya ne ko biyu?"

Dogo ya matso gabanta.

"Ranki ya daɗe, ranar da muka ce miki biyu ne, wallahi ɗaya ne. Yau da kike tambaya kuma, ni kaina ban sani ba."

Ya juya ga ƙanensa. "Auta, kai ka faɗa. Ɗaya ne ko biyu?"

Auta ya shiga shagonsa. Kowa ya ɗauka ya tafi ke nan. Sai ga shi ya fito da guduma, ya miƙa wa yayansa.

"Kai ka buga ƙusar farko a bangon nan, Yaya. Kai za ka fara cirewa."

Kafin la'asar bango ya faɗi. Aka zo aka ɗauke injin gogewa, aka kai wa wani kafinta da ya daɗe yana jira. Tarar ta ja su baya sosai, bencin makaranta ma da hannu Auta ya goge su. Lauya kuwa da ya dawo ya ji labari, cewa ya yi ai shi dama shawara kawai ya bayar.

Teburin suka haɗa shi da ƙarfe ta ƙasa, suka yi iya gwanintarsu. Amma abin da zarto ya ci ya riga ya zama gari, ba ya dawowa. Wata siririyar tsaga ta rage a tsakiya. Auta ya kawo shawarar a cike ta a shafe da fenti.

Mahaifiyarsu ta bi tsagar da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ku bar ta haka," ta ce.

Ta ɗora kular a kai, daidai kan tsagar, ta buɗe murfin.

Darasi: Tallafin gwamnati dukiyar jama'a ce, kuma ƙa'idar da aka ɗora masa an yi ta ne don ya kai ga kowa. Duk wanda ya karɓi rabon biyu, ya ɗauke na wani ne. Kafin ka bi dabarar mai baki, je ka tambayi waɗanda ke da alhakin abin. Kuma ka kiyayi ƙaryar da sai ka rayu a cikinta kullum kafin ta tsaya, domin wata rana za ka farka ka tarar ta zama gaskiya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda zarto ke hannunsa yanzu haka.