Allon da Ya Leƙa Cikin Rumbuna Talatin

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, don wannan labari ba na ji a wuce ba ne, sai kun yanke masa hukunci kafin ku tashi.

A Funtuwa an yi wani attajiri, Alhaji Barau Maimasara, mai kamfanin da ke yin garin kunun yara. Mutumin nan da haƙorinsa ya gina arzikinsa. Tun yana saurayi, in ya ɗauki ƙwayar masara ya ciza, zai gaya maka ko ta bushe ko da sauran laima a cikinta, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. To amma kamfani ya girma, rumbunansa sun kai talatin, daga nan har ƙetaren kogi, kuma haƙori ɗaya ba ya zagaya rumbu talatin. Sai takardu ake jibge masa a tebur, kowane manaja ya rubuto cewa wajensa lafiya lau. Alhaji kuwa ya san masarar da ta sha laima takan yi wata fumfuna da ido ba ya gani, mai dafin da ke cin hantar yaro a hankali. Wannan shi ne abin da ke hana shi sakat, don garin nan dubban yara ke sha, har da jikarsa ta cikin gida.

Sai ya kira uku daga cikin ma'aikatansa, Tasi'u da Rahinatu da Zulai. Ya ce su haɗa masa allo a bangon ofishinsa, irin na kwamfuta, wanda in ya ɗaga kai zai zama kamar ya zura hannu cikin kowane buhu. Ya ce tsufa ya zo masa, yana neman mataimaki ɗaya da zai damƙa wa rumbunan, kuma a cikinsu zai zaɓa.

Akwai abin da bai faɗa musu ba, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba in ban da matarsa: idonsa ba ya raba ja da kore. Haka aka haife shi. Ita ke zaɓar masa hula kowace safiya, kuma shekara sittin yana ɓoye abin nan kamar wani laifi.

Tasi'u ya ɗauki hanya. Wata uku yana bin rumbunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana dasa na'urar auna laima da zafi a tsakiyar buhuna. Ya tarar wasu masu tsaron sito ba sa ma auna komai, lambar jiya suke kwafewa su aiko yau, sai ya gyara na'urorin yadda su da kansu za su riƙa aiko da abin da suka gani, ba sai ta hannun mutum ba. Rumbu na ƙarshe yana Tungar Maƙera, ƙetaren kogi, ga damina ta zauna. Abokan tafiyarsa suka ce a bar wannan, ashirin da tara ma sun isa. Tasi'u ya ƙi. Ya shiga kwalekwale da na'ura ƙunshe a leda a kansa, ya dawo da zazzaɓin da ya kwantar da shi mako biyu.

Rahinatu ta karɓi abin da na'urorin ke aikowa, lambobi kamar yashi. Kowane manaja ya zo yana son a sa nasa lissafin a allo, wai don Alhaji ya ga ƙoƙarinsa. Ta ce allon da ya faɗi komai bai faɗi komai ba, ta kore su, suka bi ta da suna mai taurin kai. Ta zauna ta tono bayanan duk masarar da ta taɓa lalacewa a kamfanin, tana gwada wannan da wancan, har ta gano abin da kowa ya kasa gani: laima kaɗai ba ta nuna haɗari, zafi kaɗai ma haka, sai in sun tashi tare kwana uku a jere. A kan wannan ta ɗora allon gaba ɗaya. In ba don ita ba, da gargaɗin ya nutse cikin hayaniyar lambobi.

Zulai ce ta zana fuskar allon. Ta yi taswira, kowane rumbu da ɗigonsa, mai lafiya kore shar, mai matsala ja wur, yadda kowa ke yi. Ran da aka yi gwaji manajoji suka yi ta yabo. Alhaji ya ɗaga kai, sai ya ga ɗigo talatin masu launi ɗaya. Ya yi abin da ya saba: ya saci kallon fuskokin mutane, ya ga inda suke duba, sannan ya ce madalla. Babu wanda ya lura sai Zulai. Bayan kwana biyu ta sanar cewa hasken taga yana kashe launin allo, don haka ta sake zane. Yanzu rumbu mai lafiya ƙaramin rumbu ne da hularsa ta jinka, zaune shiru. Wanda ya shiga haɗari kuwa sai ya kumbura, hularsa ta tashi, ya hau saman allo da sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe. Manajoji suka ce ta mayar da aikin ilimi wasan yara, ita kuwa ta bar su da maganarsu.

Wata Alhamis da hantsi, Alhaji yana zaune shi kaɗai, sai ya ga rumbu ɗaya ya motsa. Ya kumbura, hularsa ta tashi, ya hau sama: Tungar Maƙera. Daga kujerarsa, tafiyar yini guda, ga wani abu yana gaya masa abin da ke faruwa a cikin duhun buhu. Ya yi ta tasbihi, yana mamakin irin sanin da Allah Ya ba ɗan Adam.

Ya tambaya, aka ce ai ruwa ya ja baya hanya ta buɗe, tireloli bakwai daga can sun riga sun iso, suna bakin ƙofar injin niƙa. Manajan Tungar Maƙera ya rantse masarar fes take, kuma a ido haka take. Alhaji ya ce kada a sauke ko buhu ɗaya. Ya sauko da kansa, ya sa aka farke buhu daga tsakiya, ya ɗauki ƙwaya ya ciza. Wani ɗaci-ɗaci ya taɓa masa harshe, wanda rabonsa da jin sa shekara talatin. Da sakamakon ɗakin gwaji ya fito, sai ga dafin fumfunar nan fal a cikin masarar. Garin da za a yi da masarar nan da ya shiga bakin yara fiye da dubu ashirin kafin Juma'a ta zagayo.

Da la'asar ya koma ofis, ya daɗe yana kallon 'yan rumbunan nan masu hula. Sai ya duba taga, ya ga ashe hasken nan ko kusa da allon ba ya zuwa. Ya sa aka kira Zulai.

"'Yata, tun yaushe kika sani?"

"Ranka ya daɗe, me na sani? Hasken taga ne kawai."

Alhaji ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko. Kunya ya ji, da godiya, da wani irin sauƙi a ransa wanda bai taɓa ji ba.

To ga inda maganar ta tsaya. Kujera ɗaya ce, kuma gobe zai faɗi sunan mai ita a gaban jama'a, tare da dalilinsa. Da Tasi'u bai ƙetare kogi ba, da Tungar Maƙera ba ta kan allon ma sam. Da Rahinatu ba ta gano haɗuwar laima da zafi ba, da lambobin sun zo sun wuce ba wanda ya ji kiransu. Da Zulai ba ta sake zane ba, da allon ya yi ja wur, Alhaji yana kallonsa yana cewa madalla. Amma in ita ya zaɓa, dole ya tona da bakinsa abin da ta rufa masa.

To ku da kuke zaune, in ku ne Alhaji Barau, wa za ku kira gobe: wanda ya kawo gaskiyar, ko wadda ta tsamo ta, ko wadda ta sa aka gan ta?