Shamuwa Mai Rabon Garin Masara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo, muna saurare.

Wata shekara aka yi fari, sai Shamuwa ta sauka daga ƙasar waje da buhunan garin masara. Ta ce wanda rumbunsa ba komai kaɗai za ta ba.

Kura, da ta cinye hatsinta tun kaka, ta samu. Kurege, da ya tsira da damin gero, aka ce masa sannu da ƙoƙari.

Ganin haka kowa ya rataye fartanya. Kurege ya kai gero kasuwa, ba mai saye, tunda tuwo ya zama kyauta. Shi ma ya cinye, har iri.

Shamuwa ta dawo, ta leƙa rumbuna, ta ce, "Madalla! Bara da gida ɗaya na fara, bana kowa da kowa. Aiki yana ci gaba."

Kurege ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, hadari ya haɗu. A taimaka mana da iri."

Ta ce, "Mu gari muke bayarwa."

Ya ce, "To, an gode."

Ya ɗauki sungumi, ya shuka garin. Har yau yana bakin gona yana jiran tsiro.

Ƙurunƙus! Ɓera ya leƙa rumbu, ya fito da kansa kawai.