Gwada da Hotunanka Tukuna

Akwai wata mata da ake kira Umman Tagwaye. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar kwamfuta a kan tebur a kusurwar falo. A cikinta akwai hotunan iyali na shekara goma sha biyar, da muryarsa yana koya wa tagwayensu karatu suna ƙanana. Babu kwafin muryar nan a ko'ina.

Ɗaya daga cikin tagwayen ta yi aure nesa. Kullum roƙonta ɗaya ne: "Umma, ina son in ji muryar Abba." Ɗiyar ta buɗe ma'ajiya a intanet don a zuba mata kayan. Sai dai manhajar masu ma'ajiyar ba ta hawa tsohuwar kwamfutar, dole a sa wata da wasu daban suka yi, wadda za ta haɗa biyun.

Ranar Asabar da hantsi ƙanin mijinta ya zo. Injiniya ake ce masa, ko da yake waya yake gyarawa. Ya ja kujera, ya naɗe hannun riga.

"Matar Yaya, kawo ruwa. Kafin ki dawo na gama."

Ba ta motsa ba. "Ina ka samo manhajar?"

"Wani ne ya turo a guruf ɗinmu."

"Wani wa? Ya sunan ubansa?"

Ya tuntsire da dariya. "Ke da turancinki bai wuce na gaisuwa ba, yau ke ce mai binciken manhaja?"

Maganar ta soke ta. Karatunta bai yi nisa ba, kowa ya sani. Amma ta ɗora tafin hannunta a kan madannan kwamfutar.

"Ban iya turanci ba, amma na san ba a buɗe wa baƙo ɗaki don wani ya ce mutumin kirki ne. Ka je shafin waɗanda suka yi ta ka ɗauko."

Ya yi tsaki, ya je ya ɗauko. Zai fara sakawa ta sake tare shi, ta ciro fulash, ɗan abin nan da ake kwafe kayan kwamfuta a ciki, daga ƙasan jakarta.

"Kwafe mini komai a nan tukuna."

"Haba matar Yaya! Awa guda fa zai ci."

"Girki ka ɗora a wuta?"

Aka kwafe. Ta zare fulash ɗin ta ƙulle a bakin zaninta. Manhaja ta hau, ta fara jero tambayoyi. Injiniya na ta latsawa kamar mai kore ƙuda.

"Me ta ce a nan?"

"Ba komai, surutunsu ne. Saura in nuna mata foldar Yaya."

"Ba za ka nuna ba. Gwada da hotunanka tukuna."

"Ni kike gwadawa?"

"Ita nake gwadawa. Idan kai ma ka shiga ciki, ba laifina ba ne."

Don ya rufe mata baki, ya buɗe sabuwar folda, ya tura hotuna uku daga wayarsa, duk yana jingine da motar da ba tasa ba. Ya haɗa foldar da ma'ajiyar, ya latsa, ya harɗe hannu.

Suna kallo hotunan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Foldar ta koma wayam.

Injiniya ya matso da fuska jikin gilashin. Ya koma kan tambayar da ya tsallake, ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Ashe manhajar ta tambaya ne: wanne za a mayar kamar wanne? Shi kuma ya zaɓi a mayar da kwamfuta kamar ma'ajiya. Ma'ajiyar kuwa sabuwa ce, babu komai a cikinta. Manhajar ta yi abin da aka sa ta.

"Da foldar Yaya ce..." Ya dafe kai.

Umman Tagwaye ta zauna a hannun kujera, ta dafa tebur. Ta ce, "To, koma farko. Layi-layi za ka karanta, ka fassara mini. Inda ban gane ba, ka maimaita."

Haka aka yi. Ya gyara, ya sake turo hotunan daga wayarsa, suka gwada har sau biyu, hotunan suka haura lafiya ba su ɓace ba. Sai a lokacin ta ɗaga hannunta daga tebur ta ce ya nuna wa manhajar foldar mijinta.

Bayan la'asar wayarta ta yi ƙara. Ɗiyarta ce, tana ta kuka. A bayanta ana jin muryar mahaifinta yana cewa, "A'a, sake karantawa, kin tsallake layi."

Darasi: 'Yan uwana iyaye mata, kada wanda ya fi ki turanci ya sa ki ji kunyar tambaya a kan abin da yake naki. Ki ɗauko manhaja daga wurin masu ita, ki kwafe kayanki gefe, ki gwada da abin da ba zai sa ki kuka ba, kuma a karanta miki kafin a latsa. Ni dai abin nan yana ba ni tsoro, don Allah ku tura wa duk mai ajiyar da ba ta da madadi.