Kura Mai Neman Ma'aikacin da Ba Ya Ci

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Kura ce ta kafa ƙungiyar ciyar da marayun daji, ta ɗauki Jaki aikin dakon hatsi. Kullum yana raba wa marayu abinci, shi kuwa haƙarƙarinsa duk sun fito.

Ran nan ya ce, "Ranki ya daɗe, ko 'yar dusa a riƙa ba ni mana."

Kura ta goge maiƙon bakinta ta ce, "Haba Malam Jaki! Aikin lada kake nema wa dusa?"

Jaki ya sauke mangala ya yi gaba. Ta ɗauki Raƙumi, shi ma yunwa ta kore shi. Kura ta hau shela, wai tana neman mai tausayi wanda bai damu da cikinsa ba.

Sai ga Gara. Ta ce, "Uwar ɗakina, ba na son komai. Nuna mini rumbun kawai."

Kura har da rawa.

Kafin wata ya mutu rumbu ya zama gari. Marayu suka watse da kuka, Kura kuwa tana bin dawa tana cewa dabbobin zamani ba su da imani.

Ƙurunƙus! Ta sauka a kan ɗan kusu.